Ragowar Ciko

Babana kuku ne a gidan wani Kwara a Unguwar Rimi,
shekara ashirin da uku yana riƙe da wuƙar da ba tasa ba.
Ran Lahadi sukan ci wani abu wai shi atishok,
daga ƙasarsu yake zuwa a gwangwani,
gindinsa kaɗai, kamar ƙananan ƙoƙuna.
Baba ke cika su:
niƙaƙƙen nama, albasa, tafarnuwa,
kirfa kan yatsa, garin burodi, matsin lemon tsami,
da wasu 'ya'yan itace farare sirara
masu kama da gyaɗar da ta yi jinya.

Ƙoƙo goma sha biyu ne,
amma cikon kullum sai ya yi saura.
Madam ta leƙa kasko, ta ce, "Sallau, hannunka ya cika yawa,"
ta ɗauke kai.
Shi kuwa ya juye a kwanon sha, ya ɗaure da ƙyalle,
ya rataya a ƙahon keke,
daga can har Tudun Wada
yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai.

Inna Hansatu ba ta taɓa ba mu shi haka nan ba.
Cewa take, nama ba abinci ba ne, mai sa albarka ne.
Daren nan za ta sake soya shi ya bushe,
don firijin maƙwabta ya dogara da NEPA,
ita kuwa da Allah ta dogara, sai gawayi.

Litinin da safe cokali biyu ya shiga ruwan ƙwai,
ƙwai uku, mu bakwai,
wainar ta kumbura tana alfahari
kamar ta san daga gidan da ta fito.
Da yamma a ƙullun alala,
cokali ɗaiɗai a tsakiyar kowane gwangwanin madara.
Ƙanena Tanimu yakan fara ci daga gefe,
yana zagaye, yana jinkiri,
har sai ya isa wurin,
ya rufe ido.

Talata, dafa-duka.
Nan sai mai sa'a ke gamuwa da shi,
amma ƙamshin kirfa ya kama kowace ƙwayar shinkafa,
har Maman Rahila ta leƙo ta katanga:
"Yau kuma wace ƙasa kuka tafi?"
Aka zuba mata a murfin kwano.

Laraba babu komai sai maiƙo a jikin kwanon.
Inna ta ɗauraye shi da ruwan zafi
ta tuttula a miyar kuka,
muka sha muna rantsuwa mun ji nama.

Atishok ɗin kansa ban taɓa ɗanɗana ba
sai bara, da Baba ya shekara shida a ƙasa.
Na gan shi a wani kanti kan titin Isa Kaita,
kuɗinsa ya kai na mudu biyu na wake.
Na saya.
Ashe ba wani abu ba ne,
kamar gwazar da ta kwana a ruwan tsami.

Na ɗauko littafinsa mai tabon mai,
rubutun ajami, ma'auni dalla-dalla,
na auna yadda ya rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba.
Na cika na ɗaya, na biyu, har na goma sha biyu.
Na duba kasko.
Tas.
Ko abin lasa babu.

Na daɗe a tsaye da cokali a hannu.
Shekara ashirin da uku, Baba,
mutumin da ke gane nauyin gishiri da ido.
Madam ma, da take ɗauke kai.

'Yata ta shigo tana tambaya
me za a ci gobe da safe.
Na ce ta miƙo min wata albasa,
ta fito da sauran naman nan daga firiji.